Yadda ɗinkin siliki na Japan ya fitar da ni daga ƙunci bayan rasuwar Inna

Assalamu alaikum. Ni 'yar birnin Zariya ce, a cikin ganuwa aka haife ni, a gidan da allura ke ciyar da kowa. Kakanmu na wajen uba mai aikin babbar riga ne, irin waɗanda za ka tarar a zaure da ƙyalle a cinya suna fitar da aska biyu ko aska takwas da zaren tsamiya. Mahaifiyata kuwa, da muke kira Inna, hula take ɗinkawa a cikin ɗaki. Da kuɗin hular nan ta yi mana kayan makaranta, da shi ta tara mini kayan ɗaki. Na iya ɗinkin hula tun ina firamare, amma da na shiga jami'a karatu ya sha kaina, na ajiye allura.

A ƙarshen 2022 na bi maigida zuwa Japan, inda yake karatun digiri na uku. Garin da Allah ya kai mu shi ne Kanazawa, babban birnin jihar Ishikawa, a gaɓar tekun da ke fuskantar Koriya. Gari ne mai tsabta da natsuwa, amma rana tana wuyar gani. Mutanensa ma suna da wani zance da suke yi, wai ko ka manta da abincin ranarka kada ka manta da lema. Da hunturu ya shigo sai ga dusar ƙanƙara mai nauyi tana zuba, ga tsawa tana tashi a lokaci guda, abin da ban taɓa jin labarinsa ba. Maigida ya fita da safe, ba zai dawo ba sai bayan isha'i. Ba na jin yaren, ba ni da ɗa balle ya ɗebe mini kewa. Abin da ke riƙe da ni shi ne wayar da nake yi da Inna kullum. Mun riga Najeriya da awa 8, don haka in na idar da azahar ita kuma ta idar da asuba, sai mu yi ta hira tana lissafa mini wanda ya haihu da wanda ya yi aure.

Cikin wannan hunturun Allah ya karɓi abinsa. Da magaribar nan aka bugo mini waya, kafin in kwanta an riga an sallace ta an kai ta makwancinta. Ban ga gawarta ba, ban zauna cikin 'yan'uwana an yi zaman makoki da ni ba. Ta fuskar waya na karɓi gaisuwa. Matan masallacinmu, yawancinsu 'yan Indonesiya da Malesiya da Bangaladash, sun zo da abinci sun yi mini ta'aziyya, Allah ya saka musu. Amma da kowa ya watse sai na shiga wani hali. Barci ya ƙaurace mini. In sa abinci a gaba ya huce ban taɓa ba. Ina salla, ina karatun Alƙur'ani, ina faɗin innalillahi da bakina, zuciyar dai ta ƙi zama wuri guda. Sa'ar da na fi tsoro ita ce bayan azahar, lokacin da muka saba waya.

Akwai wata dattijuwa a hawan ƙasa na gidan da muke haya. Ita ce ta koya mini yadda ake rarraba shara, wacce ake ƙonawa daban, kwalba daban, kowacce da ranarta. Wata Juma'a ta tare maigida a bakin matakala, ta nuna hular da ke kansa ta roƙi ya ba ta ta gani. Hular kuwa ɗinkin Inna ce. Ya ce mini ta juya ta ciki da bai, ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana bin ramukan ɗinkin da farce. Da yamma sai ga ta a ƙofata da wayarta mai fassara. Ta tambaye ni ko inji ne ya yi, na ce hannu ne, hannun mahaifiyata, kuma ta rasu. Ta yi shiru, ta sunkuyar da kai. Sannan ta rubuta cewa ranar Talata in shirya za ta kai ni wani wuri.

Na ce wa maigida, “Malam, ni fa ba inda za ni.” Ya ce, “Ki daure ki je ko sau ɗaya ne. In bai yi miki ba, ba wanda zai tilasta ki.”

Wurin ɗaki ne guda a gidan wata tsohuwa da ta haura saba'in, wadda ta shafe rayuwarta tana ɗinkin ado a kan kimono, wato doguwar rigar gargajiyar Japan, da ɗamararsa mai faɗi da suke kira obi. Ɗalibanta mata ne, kusan duk sun haife ni. Kowacce na durƙushe gaban wani dogon katako mai ƙafafu, an ɗaure ƙyallen siliki a tsakiyarsa, haske na shigowa ta taga. Zaman nasu tamkar zaman tahiya ne, don haka bai ba ni wahalar da yake ba wasu baƙi ba. Abin da ya fara kama ni shi ne ƙarar allura. Saboda ƙyallen ya ɗauru tamau, duk lokacin da allura ta huda shi sai ka ji ɗan ƙas, sannan zaren ya bi baya da wani siririn sauti. Ba mai magana. Na zauna a gefe ina kallo har aka tashi, kuma a ranar ban lura da wucewar azahar da fargabar da na saba ba, sai da na duba agogo na nemi wurin salla. Malama ta nuna mini wani lungu kusa da taga, kuma har yau nan nake shimfiɗa dardumata.

Irin ɗinkin garin sunansa kaga-nui, reshe ne na ɗinkin siliki na gargajiya da ake kira nihon-shishu. Akwai na Kiyoto, akwai na Tokiyo, kowanne da halinsa. Na Kanazawa daga Kiyoto ya zo tare da yaɗuwar addinin Buda, da farko don ƙawata kayan wuraren bauta da tufafin malaman addinin, daga baya sarakunan gidan Maeda, da suka mulki yankin tun ƙarshen ƙarni na 16, suka rungumi masu sana'ar hannu suka ɗaukaka su. Tun ranar farko na gaya wa Malama iyakata. Ba zan yi aikin da za a kai wurin bauta ba, kuma na fi son in tsaya ga furanni da ganyaye da zanen da ba na mai rai ba. Ban san yadda za ta ɗauka ba. Ta ce furannin Japan kaɗai sun ishe ni aiki har tsufa. Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma in ta raba wa sauran zanen tsuntsu, ni sai ta miƙo mini na gora ko furen kiku.

Makonnin farko ban taɓa siliki mai launi ba. Ɗaure ƙyalle a katako kawai darasi ne mai zaman kansa: a ɗinka bakinsa biyu da farin yadi, a naɗe a sanduna a ja, sannan a bi gefe da gefe da zare mai ƙarfi ana ɗaurewa ana ƙara ja, har sai saƙar ƙyallen ta miƙe sak ba karkata. In an yi sakaci a nan, duk kyan ɗinkin da zai biyo baya zai yamutse ranar da aka kwance. Bayan wannan sai hannu. A ɗinkin hula hannun hagu riƙo yake yi, dama ke aiki. A nan kuwa dama na sama, hagu na ƙarƙashin ƙyalle inda ido ba ya gani, kuma shi ne zai karɓi allura ya maido ta daidai wurin da ake so ta fito. Hannuna na hagu bai taɓa sanin yana da wannan aikin ba. Allura takan fito nesa da layi, in mayar, ta sake fitowa wani wurin. Malama ba ta faɗa, ba ta kuma yabo. Takan tsaya a bayana, in abu bai yi ba sai ta ɗora tsinin almakashinta a kai, na san ma'anarsa a warware.

Zaren shi ne abin da ya fi ba ni mamaki, kuma shi na fi so har gobe. Ba a murɗe yake zuwa ba. Silikin a shimfiɗe yake, siraran silili 12 ne kwance gefe da gefe, masu sheƙi da laushin da ko numfashi yana motsa su. Mai ɗinki ce za ta yanke hukuncin yadda take son zarenta. In ganyen fure take so ya yi ƙyalli, sai ta yi aiki da shi a shimfiɗe, tana lallaɓa kowane ɗinki da wani tsinken ƙarfe mai suna tekobari don ya kwanta lafiya kusa da ɗan'uwansa. In kuwa reshe ne ko wani abu mai kauri, sai ta murɗa da kanta. A kafa tsinke a jikin katako, a maƙale silikin, a raba shi biyu. Rabi ɗaya a murza shi tsakanin tafukan hannu, a riƙe bakinsa da haƙori, a murza ɗayan, sannan a haɗa su a murza ta ɗaya ɓangaren su rungumi juna. Kauri da ƙarfin murɗin duk a hannunka suke. Har launi biyu ana iya haɗawa a fitar da na uku da babu shi a kanti. Kuma launi guda, in aka sauya inda ɗinkin ya fuskanta, sai ya zama kamar biyu, domin haske ba ya sauka a kansu iri ɗaya. Malama takan sa ni in zagaya katakon in kalli ganye ɗaya daga kusurwa huɗu kafin in ci gaba.

Silikin nan ba ya yafe kaushin hannu. Sanyi da wanke-wanke sun farfasa mini yatsu, zaren ya riƙa maƙalewa yana tsattsagewa. Na koma shafa man kaɗanyar da na zo da shi kowane dare, da safe in wanke tas, don maiƙo ma abokin gabar ƙyallen ne. Da ƙaramar salla na je da lalle a hannu, sai na ga hankalin Malama ya tashi, ta ɗauko wani guntun farin siliki ta ce in goga. Da ta ga bai bar komai ba ta kama hannun tana kallon zanen, sauran ma suka taso. Ranar ce suka fara tambayata labarin gida, kuma ranar ce na fara ambaton Inna a gaban mutane ban fashe da kuka ba.

Ina so in faɗi abin da ɗinkin ya yi mini dalla-dalla, domin ba sihiri ba ne. Aiki ne da ba ya barin gurbi a kai. Ido na kan layi, dama na riƙe da tsinke, hagu na laluben wuri a ƙasa, kana lissafin tazarar da ba ta kai ƙwayar gero ba. Da zarar tunani ya tafi Zariya, ɗinkin zai nuna. To sai ya zama ina samun awa biyu ko uku da zuciyata ke hutawa daga zagayen da take yi, in na tashi kuma na gaji gajiya ta gaskiya, irin wadda ke kawo barci. Sannu a hankali sai bakina ya saba da salati da istigfari a kan katako, kowane ɗinki da nasa. Addu'ar da nake wa Inna ta daina zama kuka zalla. Maigida ya kai ni wurin likita ma a lokacin, kuma ina shawartar duk wadda ta shiga irin halina ta je, kada ta ce kunya. Amma abin da ya ba ranakuna fasali, ya sa nake da dalilin tashi in yi wanka in fita, katakon nan ne, da izinin Allah.

Wata rana Malama ta kawo wani littafin hotuna ta buɗe mini wani tsohon ɗinki, guntaye ne aka harhaɗa, wasu launukan har yanzu da ransu. Ta ce shi ne ɗinkin ado mafi tsufa da ya rage a Japan, mallakar wurin bautar Chuguji da ke Nara. Yarima Shotoku ne ya rasu a 622, matarsa ta shiga baƙin ciki, ta roƙi sarauniya Suiko a yi mata labulen da zai nuna inda take fatan mijinta ya tafi, matan fada suka zauna suka ɗinka. Aƙidarsu daban da tawa, ni na san inda nake roƙa wa Inna. Amma na fahimci abin da tsohuwar ke son gaya mini ba tare da ta iya yarena ba, cewa shekara 1,400 da suka wuce ma wata mace ta rasa nata ta nufi allura.

A shekara ta biyu aka ba ni zaren zinariya. Kanazawa ce ke samar da kusan dukkan ganyen zinariyar da ake bugawa a Japan, wanda ake daka shi har kaurinsa ya koma kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita. Zaren na asali takarda ce ake manna wa wannan ganyen, a yanka siri-siri a naɗe a jikin zare. Ba ya ratsa ƙyalle. Kwantar da shi ake yi a sama, bibbiyu, daga wasu 'yan katakai masu kusurwa huɗu da ake kira koma, sannan a bi shi da siririn siliki ana ɗaurewa a tazara daidai. In da jan zare aka ɗaure, zinariyar sai ta yi ɗumi a ido. Allurai kuwa nakan saya a wani tsohon kanti mai suna Meboso da ke kusa da kasuwar Omicho, wanda ke sana'ar allura tun 1575. Mutanen nan suna girmama kayan aiki ƙwarai. Har rana suke da ita, 8 ga Fabrairu a wasu garuruwa, 8 ga Disamba a wasu, da ake tara alluran da suka karye a soka su cikin awara mai laushi a kai wurin bauta, wai sun sha wuya a abu mai tauri, su huta. Ban bi su wurin ba, kuma ba su matsa mini ba. Amma na daina yar da karyayyiyar allura ko'ina, ina tara su a 'yar kwalba.

Akwai abin da ke ci mini rai, kuma ba zan ɓoye ba. Japan ta yi doka a 1974 don kare sana'o'in gargajiya. An sa ɗinkin Kiyoto a ƙarƙashinta a 1976, na Kaga a 1991. Wanda ya shekara 12 yana sana'ar ya ci jarrabawa, ana ba shi laƙabin gwani a hukumance, da takarda. Kowane salon ɗinki da sunansa a rubuce, da hoton yadda allura ke shiga da fita. Duk da haka su ma kuka suke, don masu sa kimono sun ragu, matasa ba sa shigowa, gwanayen sai tsufa suke. To ina ga mu? Inna ta yi shekara fiye da talatin tana ɗinkin da dattijuwar Japan ta ɗauka na inji ne saboda daidaitonsa. Dillaliya ke zuwa ta karɓa, a kai kasuwa, wani babban mutum ya sa a kansa ranar salla, bai san sunan wadda idonta ya raunana a kanta ba. Zanen da ke kanta, da sunayen da take kiran su, da dabarar da take yi in zare ya ƙare a tsakiyar gida, ba a rubuta ko ɗaya ba. Da na gane haka na fara kiran Gwaggo, ƙanwar Inna, wadda tare suka koya. Nakan ce, “Gwaggo, don Allah ɗauko hular nan ki nuna mini ta waya, ki faɗa mini sunan kowane gida.” Dariya take yi ta ce, “Ke 'yar nan, kin je ƙasar masu mota ki dawo kina tambayar hula?” Amma tana nunawa, ni kuma ina zanawa a littafi irin yadda Malama ke zana nata.

Ranar 1 ga Janairun 2024, da ƙarfe 4:10 na yamma, girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.6 ta afka wa yankin Noto da ke arewacin jiharmu. Mu ma a Kanazawa mun ji ta sosai, kwanuka suka zube, muka fita waje cikin sanyi muna salati. A can kuwa gidaje sun rushe, kasuwar safe ta Wajima ta ƙone, mutane fiye da 200 suka rasu. An kwaso dubban mutane zuwa garinmu da kewaye. Da aka koma aji, sai ga wata baƙuwa, 'yar'uwar ɗaya daga cikin ɗalibai, wadda gidanta ya faɗi, mijinta kuma bai fita ba. Ta zauna a gefe, daidai inda na zauna a farkon zuwana, hannunta a cinya. Malama ta dube ni ta ce in nuna mata yadda ake murɗa zare. Yarena na Japan har lokacin guntu-guntu ne, amma wannan aikin ba ya buƙatar dogon bayani. Na kama tafukanta na haɗa, na nuna mata inda za ta cije. Zarenta na farko ya warware, na biyu ma haka. Ta ci gaba da zuwa har aka ba ta gidan wucin gadi ta koma Noto, kuma da za ta tafi Malama ta ba ta ƙaramin katako.

Aikina na farko da na kammala furen ume ne a kan reshe, furen da ke fitowa tun sanyi bai wuce ba, wanda kuma shi ne tambarin gidan Maeda. Kammalawar ma da ƙa'idarta: a kakkaɓe ƙura, a shafa kunun sitacin alkama a bayan ɗinkin kaɗai ba tare da ya taɓa ƙyalle ba, a yi masa tururi, a bar shi ya bushe a katako kafin a kwance. Na so in yi wa maigida wani abu da zai sa, amma siliki zalla bai halatta ga namiji ba, don haka furen yana rataye a falo, kuma ƙanwata ce ta ci gajiyar na biyu, ɗan ƙaramin gyale.

Karatun Malam ya kusa ƙarewa, komawa gida ta matso. Ina tunanin yadda silikin zai yi da ƙurar hunturunmu, da yadda zan riƙa samun zare, don haka duk abin da na ɗan tara a zare da allura yake tafiya. Katakon ana kwance shi, zai shiga akwati. Kafin nan akwai alkawari a kaina. Jikar Malama za ta halarci bikin cika shekara 20 da ake yi a watan Janairu, inda 'yan mata ke sa kimono mai dogon hannu, kuma kakarta ce ke ɗinka mata farin ƙyallen da ke leƙowa a wuya. Idon Malama ya fara gajiya da ƙananan ɗinki, sai ta ce ita za ta yi furannin da zinariyar, ni in yi ganyayen da ɗigon ƙulle-ƙullen da ke tsakiyar kowane fure. Ba ta taɓa ba wata ɗaliba hannu a kayan gidanta ba, sauran matan ne suka gaya mini. Dole a kwance shi daga katako kafin ƙarshen Disamba don mai haɗa kimono ta samu lokaci, kuma har yanzu gefen hagu gaba ɗaya yana jirana.